Gwanin da Ke Duba Agogo Kafin Ya Taɓa Faifai

Kwamfuta ta yi aiki lafiya lau jiya da daddare. Yau da safe an kunna ta, ta nuna tambarin Windows, ta watso shuɗin allo, ta mutu, ta sake tashi, ta maimaita. Mai ita, ko ɗalibi ne a Jami'ar Garwa ko mai shagon buga takardu a gefen babbar kasuwa, ya riga ya yanke hukunci tun a hanya cewa faifan ajiya ya ƙone. Mai gyara na gaggawa zai bi shi a kan haka, ya ce a sayo sabo ko a goge komai a zuba wani Windows. Gwani kuwa agogo yake fara dubawa.

Yana kunna ta ya danna F2 idan Dell ce, F10 idan HP ce, ya shiga BIOS, wurin saitin na'urar. In ya tarar kwanan wata ya koma shekarun baya, ya gane cutar. Akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo a jikin allon na'urar, shi ke riƙe mata saiti idan an kashe ta. Da ya mace, sai ta koma yadda aka ƙero ta, har da yanayin da take magana da faifai. Windows da aka zuba a yanayin IDE ya farka ya tarar da AHCI, ko akasin haka, ya nemi faifan da hanyar da ya sani ya rasa, sai ya tsaya da lambar nan 0x0000007B. Gwani ya mayar da saitin, ya sa sabon batir, ya juyo da allon wurin mai kaya: "Malam, ba abin da ya sami faifanka. Duba takardunka." Aikin shekara biyu da ya kusa salwanta ya dawo kafin shayi ya huce.

Wannan sana'a ce da nake ganin ba a ba ta girman da ya kamata, domin sai mutum ya haddace tarihin kusan shekara arba'in kafin ya iya ta. IDE ta fito a 1986 daga haɗin gwiwar Western Digital da Compaq. Waɗanda suka buɗe tsofaffin kwamfutocin tebur sun san faffaɗar igiyarta mai fil 40, da ɗan maƙallin da ake sawa a bayan faifai don a bambance babba da ƙarami. Ƙarshen gudunta megabayit 133 a sakan ɗaya. A 2003 SATA ta zo da siririyar igiya da gudun 150, ta kai 300, a 2009 ta kai 600. Sai dai igiya daban, salon magana daban. Intel ta fitar da AHCI a 2004 don a ci moriyar sabuwar igiyar, amma masu ƙera kwamfuta suka bar zaɓin kwaikwayon IDE a cikin BIOS saboda tsofaffin manhajoji. Tushen rikicin ke nan.

Babban abin da AHCI ta kawo shi ne jera umarni. A ce ɗan acaɓa ne aka ba shi saƙonni zuwa unguwannin Yelwa, Rumde Ajiya, Pumpumre da Jambutu. A tsarin IDE saƙo ɗaya yake karɓa, ya kai, ya dawo, sannan a miƙa masa na gaba. A tsarin AHCI ana ɗora masa har 32 a lokaci guda, shi ya tsara hanyarsa, ya fara da na kusa. Allurar faifai mai juyawa ta rage kai-komo, SSD kuma, faifan da ba ya juyawa, ta sami damar aiki da ɓangarorinta da dama a tare. Ga kuma damar cire faifai ko maƙala shi ba tare da an kashe na'ura ba.

To amma gwani ba ya ɗaukar cewa sabo kullum shi ne daidai, kuma nan ne ya fi burge ni. Windows XP ya fito a 2001, bai san AHCI ba. In ana son ya gane ta sai an danna F6 lokacin zubawa a ba shi direba daga ɗan faifan filofi, abin da yau ko a gidan tarihi sai an tona. Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilu 2014, amma duk wanda ke da tsohuwar na'urar yanka sitika ko ta buga kati wadda manhajarta ba ta jin wani Windows sai shi, zai ci gaba da riƙe shi. Ga irin wannan mutum IDE ce alheri. Gwani ya bar masa ita, ya rubuta saitin a ɗan takarda ya manna cikin murfi don wanda zai buɗe bayansa. Haka nan ba ya yaudarar mai kaya da lambar 600: faifai mai juyi 5,400 a minti ɗaya abin da yake iya bayarwa bai wuce megabayit ɗari da 'yan kai ba, ko da wace igiya aka haɗa shi.

Kwamfutocin gwanjo da ke shigowa arewacin Kamaru, wasu ta tashar jiragen ruwa ta Duwala, wasu daga kasuwannin Najeriya, suna zuwa da saitin ofisoshin da suka baro. Dell da yawa na isowa a kan RAID, yanayin haɗa faifai fiye da ɗaya, alhali faifai ɗaya tal ke ciki. Ɗalibi ya zo zai zuba Ubuntu, manhajar ta ce ba ta ga faifai ba. Yaron shago zai yi wuf ya sauya zuwa AHCI, sai maigida ya riƙe masa hannu: "Tsaya tukuna, ɗana. Ka kwashe kayan mutane?" Sai an kwafe komai, a umarci Windows ya tashi a yanayin kariya, a shiga BIOS a sauya, a bar shi ya ɗauko direban da ya dace, sannan a mayar da shi tashin yau da kullum. In kuwa faifai biyu ne aka haɗe da gaske, ko akwai Optane na Intel a maƙale, gwani ba ya taɓa saitin sai ya warware haɗin, don a nan kam ana iya yin asarar gaske.

Sai kuma NVMe, wadda ƙa'idarta ta fito a 2011. Ta bar hanyar SATA gaba ɗaya ta hau PCIe, da layukan umarni sama da dubu 65 a maimakon ɗaya. A PCIe na uku tana kai kusan megabayit 3,500 a sakan, a na huɗu kusan 7,000. Tarkonta a siffa yake. Faifan M.2 ɗan siririn allo ne, kuma na SATA da na NVMe kusan kamanninsu ɗaya. Gwani ya ɗaga shi ya dubi bakin zinariyar: yanka biyu galibi SATA ne, yanka ɗaya galibi NVMe. Duk da haka sai ya binciki samfurin kwamfutar, domin akwai ramin da faifan zai shiga daram amma na'urar ba za ta gan shi ba. A wasu kwamfutoci masu Intel zubi na 11, Windows kansa ba ya ganin faifai lokacin zubawa sai an ba shi direban VMD ko an kashe shi a BIOS.

Garwa kuma tana da nata sharaɗin da littafin kamfani bai faɗa ba. A Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, NVMe kuwa da ta ɗumama sosai sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace. Wutar da ke zuwa daga madatsar Lagdo ma takan yi rauni idan ruwa ya ja baya, kuma ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu na iya ɓata fayil a kowane irin faifai. Shi ya sa mai gyaran da ya san garinsa yake hure ƙura, ya sabunta man sanyaya ƙwaƙwalwar na'ura, ya gwada lafiyar babban batirin kwamfutar kafin ya yi maganar gudu. Sau da yawa abin da yake zaɓa wa mai shagon buga takardu shi ne SSD ta SATA a yanayin AHCI, ya ce ragowar sefar a sa ta a sabon batir.