Tom da Jerry a Kan Takarda

Littattafan zanen Tom da Jerry da ake gani a hannun yaran Kwalkwalawa sun sake tayar da muhawarar hukuncin sura. A ganina ba nan aibin yake ba, domin Alƙali Iyal ya naƙalto daga jumhur halaccin 'yartsana ga yara, bisa hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Hanna da Barbera sun gina wasan a 1940 bisa motsi da kiɗa. Da aka kafe shi a takarda, sai duka kaɗai ya rage: a murƙushe muzuru a wannan shafi, ya miƙe garau a na gaba. Gizon tatsuniyarmu ma mayaudari ne, amma sau da yawa yakan kwashi kunyarsa a gaban Ƙoƙi. Jerry kuwa ba safai yake girbar abin da ya shuka ba.