Sentinel-2: Idon da Ya Tona Asirin Kacalla

Kai, waɗanda suka ƙera Sentinel-2 sun ci a jinjina musu! Taurarin ɗan'adam ne na Turai, an harba na farko a 2015, na biyu a 2017. Suna shawagi kilomita 786 sama da kanmu, kuma duk kwana biyar sai sun sake ɗaukar hoton wuri guda. Abin da ya fi tafiya da ni shi ne hotunan kyauta ne, ko sisi ba ka biya. Kana zaune a Nassarawa GRA, ka buɗe Copernicus Browser, sai ga dausayin Haɗeja da Nguru shimfiɗe a gabanka.

A Girka masana na amfani da hotunan nan wajen zana taswirar ciyawar da ke ƙarƙashin teku. Mu a nan Arewa ba mu da teku, amma muna da ciyawar kacalla. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana har da rani, ita kuwa ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma, ta cinye gonakin fadama, ta hana kwalekwalen masunta wucewa, ta kuma zama masaukin jan-baki mai wawushe hatsin manoma.

Ga inda abin ya fi daɗi. Na'urar da ke jikin taurarin tana kama wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ɗanyen ganye ke mayarwa sama. Ka zaɓi hoton watan Maris, lokacin da daji ya bushe ƙayau, ka latsa launin da ke nuna tsirrai. Wayyo! Nan take duk wani ɗanyen tsiro zai koma ja jawur. Gonakin rani za ka gan su yanka-yanka, a tsare. Kacalla kuwa curi guda take, tana bin bakin ruwa kamar gobarar daji. Ka jera hoton 2017 da na bana, ka ga inda ta ci gaba da inda aka sare ta.

Gajimaren damina da hazon hunturu kan ɓata hoto, kuma Copernicus Browser yana shan data. To, sai me? Ɗaliban Jami'ar Bayero da injiniyoyin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ga dama ta samu. Kafin a tura injin yankan kacalla, a fara dubawa daga sama a ga inda ta fi shaƙe ruwa.