3.4 Dirakula a Fim da Maye a Ƙasar Hausa

A wannan sashe za a yi nazarin fim ɗin Bram Stoker's Dracula, wanda Francis Ford Coppola ya shirya a 1992 daga littafin da Bram Stoker ya wallafa a 1897. A littafin, Dirakula mugu ne zalla, wanda ya baro Taransilbaniya zuwa Ingila don shan jinin mutane. Amma fim ɗin ya ƙaro masa tarihin soyayya tun daga 1462, inda aka nuna Mina a matsayin matarsa Elisabeta da ta sake dawowa duniya. Wannan ƙari ya raunana jigon tsoro, domin tausayin mai kallo yakan koma kan azzalumi, a manta da waɗanda ya halaka, kamar Lucy.

Ga mai kallo daga yankin Funtuwa da Malumfashi, kalmar da ta fi kusa da Dirakula ita ce maye. Sai dai akwai bambanci. Dirakula gawa ce, kuma baƙo ne mai shan jini. Shi kuwa maye, a bisa imanin Bahaushe, rayayye ne, ɗan gari, mai kama kurwa. Saboda haka zargin maita kan faɗa a kan maƙwabci, musamman tsofaffi mata marasa gata.

A taƙaice, sassaucin da fim ɗin ya yi wa mugu bai dace da tunanin Bahaushe ba, wanda ya ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.