Ɗan Kallo a Matsayin Mai Feɗe Rawa: Nazari Kan Rawar Dandamali a Garin Jos

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin Hausa sun yi nisa wajen feɗe waƙa, amma rawa ba ta sami irin wannan gata ba. Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar nazarin rubutacciyar waƙa a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya yi wa waƙar baka irin wannan hidima a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na shekarar 1993. Tun a 1971 Ames da King suka tattara sunayen makaɗan Hausa da kayan kiɗansu, sannan Kofoworola da Lateef suka biyo baya a 1987 da aikinsu kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausawa. Duk da wannan ƙoƙari, idan aka zo kan rawa sai a tarar galibi an ambace ta ne a gefe, tamkar 'yar rakiyar kiɗa. Wanda ya fi ta rashin gata kuwa shi ne mai kallonta.

Wannan maƙala ta ɗauki da'awa guda ɗaya, wato ɗan kallon da ya lazimci kallon rawa har ya san daɗinta da aibinta shi ne mai feɗe ta na farko, kuma shi ne ma'ajiyarta. Idan irin wannan ɗan kallo ya yi ƙaranci, rawar kanta takan sauya kama ko da masu yin ta suna nan da ransu. An zaɓi garin Jos domin gwada wannan da'awa.

2.0 Dalilin Zaɓen Jos

Jos gari ne da haƙar kuza ta tara wa jama'a tun farkon ƙarni na 20. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso yankin a 1914, Hausawa 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa suka kwararo, makaɗa da mawaƙa suka biyo sawunsu zuwa barikokin ma'adinai. A nan suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, kowace al'umma da rawarta. Daga wannan cakuɗuwa ta Bukuru da Jos aka sami Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015.

Bayan haka garin ya sami wuraren da ake ɗora rawa a gaban mutanen da ba nata ba. Akwai harabar gidan adana kayan tarihi da Bernard Fagg ya jagoranci buɗewa a 1952. Akwai Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 ta tsaya da ƙafarta a 1975, da sashenta na wasan kwaikwayo da buɗaɗɗen dandamalinsa. Akwai bikin Nzem Berom da aka soma a 1981, wanda ya tattaro tsofaffin bukukuwan Birom irin su Mandyeng zuwa fili ɗaya. Sai kuma ƙungiyar Jos Repertory Theatre da Patrick-Jude Oteh ya kafa a 1997. Da wuya a sami wani gari a Arewa da ɗan kallo ya sami irin wannan zaɓi.

3.0 Dandali da Dandamali

A dandalin Bahaushe, ɗan kallo ma'aikaci ne. Shi ne ke yin da'irar da ake rawa a cikinta, in ta matse a ce a buɗe fili, in ta yi faɗi rawa ta yi sanyi. Idan budurwa ta taka kiɗan kalangu daidai, guɗa ce ke shaida mata, sai kuma liƙi, wato a fito a manna mata kuɗi a goshi. Wannan liƙi hukunci ne da aka yanke a bainar jama'a, domin kowa ya ga wadda aka yi wa da wadda aka tsallake, kuma makaɗi yana lura, ya san inda zai ƙara wuta. A wasan 'yan tauri da na 'yan hoto kirari da zuga su ne ke tsima mai wasa. A fagen bori ma, masu riƙe zane da masu amshi da masu shaida wane iska ya hau, duk daga cikin mahalarta suke fitowa. Hasali ma, iyakar da ke tsakanin mai rawa da mai kallo ba ta wuce taku ɗaya ba, wanda ya gama kallo yanzu shi ne zai shiga fili anjima.

Dandamali kuwa da wata tarbiyya ya zo, kuma tushen tarbiyyar nan yana cikin tarihin rawar bale ta Turai. Bale ta taso ne a fadojin Italiya da Faransa, inda fadawa da kansu suke takawa, har Sarki Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a Faris a 1661, aka kuma daidaita tsayuwar ƙafa guda biyar da ake danganta wa Pierre Beauchamp. Da rawar ta koma hannun ƙwararru sai aka ɗaga ta bisa dandamali, aka zaunar da 'yan kallo a gabanta sahu-sahu. A ƙarni na 19 aka soma rage hasken zauren kallo a bar na dandamali kaɗai. Sakamakon haka aka sami ɗan kallo mai zama cikin duhu, ya yi shiru, ya adana ra'ayinsa sai an kai ƙarshe ya bayyana shi da tafi.

Sai dai bai kamata a ɗauka wannan shiru yana nufin rashin hukunci ba. A ranar 29 ga Mayu 1913, lokacin da aka fara nuna Le Sacre du printemps a Faris, kiɗan Stravinsky da tsarin rawar Nijinsky, 'yan kallo sun yi ta hayaniya har masu rawa suka kasa jin kiɗa sosai. Abin da ya harzuƙa su shi ne an juya ƙafafu ciki maimakon waje, ana dukan ƙasa maimakon a yi sama, wato an saɓa ƙa'idar da suka sani. Wanda bai san ƙa'ida ba ba ya fushi don an karya ta. Abin da ya fi dacewa da wannan nazari ma shi ne abin da ya biyo baya. Tsarin rawar ya ɓace bayan 'yan nuni kaɗan, sai a 1987 Millicent Hodson ta sake gina shi, kuma daga cikin abin da ta dogara da shi akwai zane-zane da bayanan waɗanda suka kalla da idonsu, da tunanin Marie Rambert wadda ta yi aiki tare da Nijinsky. Ko a Turai, inda Rudolf Laban ya fito da hanyar rubuta motsin jiki tun 1928, idon ɗan kallo bai daina zama ma'ajiya ba, balle a ƙasar da ba a rubuta rawa.

Wannan tarbiyya ta dandamali ta shigo Afirka ta Yamma ta hannun ƙungiyoyi irin su Les Ballets Africains ta Fodéba Keïta, wadda ta zama ƙungiyar ƙasar Gini bayan 'yancin 1958. A Nijeriya bikin FESTAC na 1977 ya ƙarfafa ta, jihohi suka riƙa shirya ƙungiyoyin raye-rayensu domin gasa da tarbar baƙi.

4.0 Abin da Ke Faruwa da Rawa Idan Ɗan Kallo Ya Sauya

Rawar Asharuwa ta Afizere misali ce mai kyau. Masu yin ta suna busa sarewa suna takawa a lokaci guda, saboda haka gwanintar tana cikin sarrafa numfashi, mutum ya duƙa, ya miƙe, ya doki ƙasa, amma sautin sarewarsa bai yanke ba, bai kuma fita daga na 'yan'uwansa ba. Wannan abu ne da sai wanda ya kalla sau da yawa yake gane shi. Dandamali ya yi wa Asharuwa alheri ta fuska ɗaya, domin daga kujera ana ganin sahun masu rawa gaba ɗaya, ana ganin yadda motsi yake tashi daga wannan gefe ya ratsa zuwa wancan, abin da mai tsaye cikin cunkoso ba ya samu. Amma a tarukan hukuma, inda aka fi ganin irin waɗannan raye-raye, akan juya masu rawa su fuskanci rumfar manyan baƙi, a ba su 'yan mintoci tsakanin jawabi da jawabi, mai sanarwa kuma yana magana da lasifika a kan sautin sarewa. Rawar da ke buƙatar lokaci kafin ta nuna sai a sauke ta tun ba ta dahu ba.

Koroso kuwa al'amarinta daban ne, domin ita tun asali don a kalla aka tsara ta. A Kano aka haɗa ta a shekarun 1970 daga takun Fulani da na Hausawa, aka sa mata sunan kacau-kacau ɗin da masu rawa ke ɗaurawa a ƙafa. Ta dace da dandamali, ana shiga bibbiyu, mace da namiji, kowane biyu su nuna nasu su koma sahu. To amma a nan ne illar ɗan kallon da bai ƙware ba take fitowa fili. Daɗin koroso yana cikin yadda ƙarar ƙafa take amsa wa kiɗa, ta riga shi kaɗan ko ta jinkirta masa kaɗan. Baƙon kallo ba ya jin wannan, abin da yake gani shi ne alkafura da lanƙwasa jiki da ɗaukar abokin rawa sama, kuma nan yake zuba tafinsa. Mai rawa ɗan Adam ne, inda tafi ya fi yawa nan zai ƙara. A hankali sai taki ya zama hanyar isa ga alkafura kawai. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma a wannan hali makaɗi bai sauya komai ba, masu tafi ne suka sauya.

Akwai wata ƙaramar matsala da ta shafi liƙi. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta watsa takardun naira da tattaka su a wajen biki. Ko mene ne hikimar dokar ta fuskar kare kuɗi, a sani cewa ta taɓa ɗaya daga cikin hanyoyin da ɗan kallon gargajiya yake ware gwani ɗaya daga cikin goma. Tafi na kowa da kowa ne, ba ya nuna mutum.

Game da rawar zamani, wadda ɗaliban wasan kwaikwayo sukan gwada, wato irin wadda Germaine Acogny ta raya a Senigal tun daga makarantar Mudra Afrique ta 1977, Qudus Onikeku kuma ya buɗe mata cibiya a Legas a 2014, a nan ɗan kallon dandali ne yake buƙatar ƙarin karatu. Irin wannan rawa takan yi amfani da shiru, mai rawa ya tsaya cik, ko ya faɗi ya daɗe a ƙasa, ko ya yi motsi ba tare da ganga ba. Wanda ya saba da cewa rawa 'yar kiɗa ce zai ɗauka an sami tangarɗa, ya cike gurbin da dariya ko sowa, ya ɓata abin da aka gina. Ke nan kowane fage da ladabinsa, kuma cikakken ɗan kallo shi ne wanda ya san lokacin guɗa ya kuma san lokacin kame baki.

5.0 Rabuwar 'Yan Kallo

Irin wannan ɗan kallo mai ido biyu ba ya samuwa sai a garin da mutane ke shiga fagen juna, kuma wannan ce ni'imar da Jos ta daɗe tana da ita. Bahaushen Gangare ko na Dilimi da ya tashi yana ganin Asharuwa da rawar Birom, ya kuma san kalangu da goge tun yana goye, yana da ma'aunin kwatance da ɗan'uwansa na Katsina ba shi da shi. Rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, sun raba unguwannin garin bisa addini da ƙabila, kuma an yi rubuce-rubuce da yawa kan asarar rayuka da dukiya da suka jawo. Abin da ba a cika ambata ba shi ne sun raba 'yan kallo. Wasan dandamali na yamma ne da dare, mutum kuwa ba ya zuwa kallo inda yake tunanin hanyar komawa gida. Unguwar Rogo tana maƙwabtaka da harabar jami'a ta hanyar Bauci, amma kusancin gida bai isa ya mai da mutum ma'abocin kallo ba.

Matashin Bahaushe na Jos bai daina ganin rawa ba. Yana ganin ta a fina-finan Hausa, waɗanda Jos ta kasance ɗaya daga cikin cibiyoyin shirya su, yana kuma ganin ta a wayar hannu. Sai dai a nan mai ɗaukar hoto ne ya zaɓa masa abin da zai gani, galibi fuska da kafaɗa, ƙafa kuwa, inda taki yake, sau da yawa tana wajen hoton. Mai rawar kuma ba ya jin amsarsa.

Ga masu nazarin harshe akwai aiki na gaggawa a nan. Hausa tana da kalmomin feɗe rawa, ba a dai tattara su ba ne. Taki daban, juyi daban. Rausaya ba ita ce rangaji ba, karairaya kuma ba girgiza ba ce. Idan aka ce wance ta cashe, an faɗi abin da ya wuce a ce ta yi rawa, haka nan idan aka ce wane yana bin kiɗa ko kiɗa ya bar shi. Ƙamus yakan ba waɗannan kalmomi ma'ana kusan ɗaya, bambancinsu na haƙiƙa yana bakin waɗanda suka shekara suna tsayawa a bakin fili, tsofaffin zabiyoyi da masu guɗa da 'yan ma'abba da dattawan da suka yi zamanin bariki. Waɗanda suka kalli raye-rayen Jos kafin 2001 da idon basira yanzu sun manyanta, kuma hanyar ɗaukar bayani daga gare su ita ce a zauna tare da su a gaban masu rawa, a riƙa tambayarsu sunan kowane motsi a daidai lokacin da ake yin sa.