Ruwan Bagaja: Littafin da Ya Tona Ƙarshensa Tun Farko

A majalisun samari a Birnin Kudu da Gwaram, inda ake bin fina-finai masu dogon zango a waya, babban aibin da ake ɗora wa fim yanzu shi ne a ce, "Ai tun kashi na biyu na san inda aka dosa." Da an faɗi haka, an gama da shi. Ni kuwa duk sanda na ji wannan hukunci sai Ruwan Bagaja ya faɗo mini a rai, domin da wannan ma'auni za a auna shi, da tuni an jefar da shi.

Abubakar Imam ya rubuta shi ne don gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, yana matashin malami a Makarantar Midil ta Katsina, aka buga shi a 1934. Dubi yadda ya kafa tubalin. Alhaji Imam, tauraron littafin, shi ne da bakinsa yake ba da labarin, yana zaune a Kwantagora cikin wadata, Koje Sarkin Labari na saurare. Wanda ke ba ka labarin tafiyarsa ai ka san bai mutu a hanya ba. Sunan littafin ma ya gama magana: ruwa aka fita nema don a warkar da ɗan sarki, kuma ruwan za a samo. Marubucin bai damu ya ɓoye wannan ba.

Inda na fi jin daɗin littafin shi ne karawar Alhaji da Malam Zurƙe. Kafin a yi nisa kowane ɗan firamare ya gane tsarin: yau Alhaji ya yi wa Zurƙe, gobe Zurƙe ya rama a wani gari. Sanin nan kuwa shi ne gishirin miyar. Da ka ga sun sake yin kiciɓis sai ka gyara zama, domin ka san akwai bashin da za a biya, abin da ya rage kawai ka ga da wane irin sharri za a biya shi.

Ɗauki gasar malanta. Alhaji, wanda ko bihim bai sani ba, ya zana ɗan lanƙwasa a ƙasa ya ce Zurƙe ya karanta. Zurƙe, mai karatu na gaske, ya dinga jero sunayen baƙaƙen da suka yi kama da zanen, ana ce masa a'a. Sai Alhaji ya juya wurin jama'a ya nuna musu ai jinjirin wata ne. Tun kafin a fara mun san jahilin ne zai ci, tunda shi ke riƙe da labarin. Amma duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san Zurƙe bai yi kuskure ba, ya kuma san mutanen garin ma ba su yi ƙarya ba, abin da idonsu ya gani suka faɗa. Dariyar tana da ɗan ɗaci, kuma ba ta tsufa. Na karanta wurin nan ban san adadi ba, har yau yana kama ni.

Abin da ya ɗan rage mini armashi kuwa yana can wajen ƙarshe, daidai inda littafin ya so ya ba mu mamaki. Bayan duk wannan gaba, sai ga shi Alhaji da Zurƙe 'yan'uwa ne. Ban hango shi ba, gaskiya ne, amma don ba a shuka shi sosai a baya ba ne, shi ya sa ya fi kama da sulhun da marubuci ya ɗora musu don a tashi lafiya. Haka ma samun ruwan. Mutumin da ya ratsa garuruwa da wayonsa, da aka zo ga babban aikin sai aljannu suka ɗauke masa rabin nauyin. Ɗanɗanon Alfu Laila ne, kuma ban ga laifin matashin da ya sha karatun Larabci ya jingina da shi ba. Sai dai na so a ce da irin dabarar da ya kayar da Zurƙe ya kai bakin ruwan, ko da kuwa tun daga nesa zan hango yadda za a yi.