Inda Bassey Ikpi Ta Fake Da "Ita"

A littafinta na 2019, I'm Telling the Truth, but I'm Lying, Bassey Ikpi ta ba da labarin lalurar ƙwaƙwalwar da ke cilla mutum sama yau, gobe ta jefa shi cikin baƙin ciki. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda take kiran kanta: nan "ni", can "ke", gaba kuma "ita", tamkar labarin wata take bayarwa. Da farko na ɗauka ƙawa ce kawai, don wani lokaci sauyin yana rikita mai karatu. Sai na tuna ranar da na zauna gaban likita na ce, "Wata ƙawata ce ba ta iya barci." Duk wanda ya taɓa tsoron a kira shi mahaukaci zai gane dalilinta.