Ɗan fayil ɗin Gentoo da ya gama min komai

Duk wanda ya taɓa gina manhaja daga tushenta ya san gajiyar maimaita magana ɗaya. Ka sauko da rubutun manhajar, ka gaya wa kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun masu shirye-shirye zuwa yaren na'ura, yadda kake so ta yi aikin. Gobe ka sauko da wata, ka sake faɗin abin da ka faɗa jiya. Gentoo, wani tsarin Linux, ta raba mu da wannan wahala da fayil guda, /etc/portage/make.conf, kuma wallahi a duk duniyar Linux ban ga abin da ya burge ni kamarsa ba.

Daniel Robbins ne ya assasa Gentoo, aka fitar da sigarta ta 1.0 a shekarar 2002. Ya ɗauko dabarar daga tsarin ports na FreeBSD, ya gina mata Portage, mai kula da girka manhajoji. A mafi yawan tsarukan Linux, wani ne can yake gina manhaja ya miƙo maka ita a gine. A Gentoo kuwa kwamfutarka ce take ginawa, kuma kafin ta taɓa ko wace manhaja sai ta leƙa make.conf ta ga abin da ka ce.

Dubi wannan layin: CFLAGS="-O2 -pipe -march=native". Shi ke nan fa! Ka rubuta shi sau ɗaya, ɗaruruwan manhajoji su bi shi ba tare da ka sake cewa uffan ba. -O2 yana umartar GCC, kwamfailar da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, ta gyara lambar don ta yi sauri ba tare da ganganci ba. -pipe yana hanzarta ginin ne kawai, domin yana hana ajiye fayilolin wucin gadi a faifai; bai sauya komai a manhajar da za ta fito.

Amma -march=native, kai, nan zuciyata take. Masu rarraba manhaja a gine galibi sukan auna ta da tsohuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, don ta yi aiki a wurin kowa, irin x86-64 na farko da AMD ta fitar a 2003. Kai kuma da ka sayi sabuwar na'ura mai umarnin AVX2, sau da yawa sai wannan baiwar ta zauna ba a cin moriyarta. Da ka sa native, sai GCC ta binciki furosesar da ke gabanta, ta ga duk abin da take iyawa, ta gina manhajar daidai da ita. Kamar ka bar rigar kanti ka je wurin tela ya auna ka ya ɗinka maka taka. A wajen sarrafa bidiyo da lissafi mai nauyi ne aka fi ganin bambancin. A ƙananan manhajoji ba lalle ka ji shi ba, amma ni sanin cewa komai an yi shi don na'urata kaɗai ya ishe ni farin ciki. Sai dai a kiyaye: abin da aka gina haka, in aka kai shi tsohuwar kwamfuta, yana iya tsayawa cak da saƙon Illegal instruction.

Abin da ya ƙara sa na ƙaunaci mutanen Gentoo shi ne gaskiyarsu. Littafin jagorarsu bai zuga ka ka sa -O3 a kan komai ba, ya ce -O2 ne abin dogaro, domin -O3 yana kumbura manhaja kuma wasu sukan lalace da shi. In akwai manhaja ɗaya da kake so ka matsa mata, ga package.env, ka ware mata nata zaɓin, sauran su ci gaba da bin na gama-gari. Wannan tsari ya yi kyau matuƙa!

A cikin make.conf dai akwai MAKEOPTS, inda -j4 ke nufin a yi ayyuka huɗu a lokaci guda, a kan shawarar a tanadi kusan gigabait 2 na RAM ga kowane aiki. Akwai kuma USE, inda za ka rubuta -bluetooth, manhajojin da ke da wannan zaɓin su fito babu shi. Gina babbar manhaja irin Chromium kan ci sa'o'i, gaskiya ne, amma in wuta ta ɗauke a tsakiya, umarnin Portage na emerge --resume zai ɗora daga manhajar da aka tsaya a kanta. Tun Disambar 2023 ma Gentoo tana ba da ginannun manhajoji ga mai gaggawa. Kuma kada a ɗauka wasan 'yan sha'awa ne: da Portage ake gina ChromeOS na Google.

Ɗalibanmu masu koyon kwamfuta, don Allah ku samu na'urar da ba a amfani da ita ku girka Gentoo, ku buɗe make.conf ku rubuta layin CFLAGS ɗin nan da hannunku.